Sharar Gidan Haya da Gonar Babanmu

Gonar da babanmu ya bari tana wani ƙauye bayan Dawakin Kudu. Da aka raba gado aka fitar wa 'yan'uwanmu mata nasu, ita ce ta faɗo mana ni da yayana, ba mu kuwa taɓa sa igiya mun raba ta ba. Shi ya zauna a gida yana noma ta. Ni na shigo birni, na kama ɗaki a wani gidan haya a Gyadi-Gyadi, ina tuƙa adaidaita sahu tsakanin Tarauni da Hotoro da duk inda fasinja ya nufa. Idan kaka ta yi yakan aiko mini da dawa da ɗan wake. Wannan dawar ce takan riƙe ni da iyalina duk lokacin da mashin ya kwanta a wurin bakanike, ko aka wayi gari an hana mu bin wani titi.

Wata kaka na je gida na tarar da shi zaune a gindin rumbu ya miƙe ƙafa. Bayan mun gaisa ya ce in leƙa ciki. Na leƙa. Dammunan da ke ciki ba su kai rabin rumbun ba.

"Ka gani da idonka, ɗan birni," ya ce. Haka yake kirana tun da na bar gida. "Tashi mu je ka ga sauran."

Na daɗe ban taka gonar da ƙafata ba, sai dai in hango ta daga hanya. Ranar na ga abin da ya same ta. Ko'ina leda ce, baƙa da fara. Wata ta maƙale a kututturen kara tana kaɗawa, wata ta nutse a ƙasa sai bakinta ne ya leƙo. Yaya ya sara fartanya ya ɗago, sai ga leda ta naɗe bakin fartanyar kamar tsumma.

Ba wani ne ya zubar mana ba, mu muka kawo ta. Tun zamanin kakanni manoman yankinmu da jujin birni suke takin gona. A da jujin toka ne da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa da ganye, abin da ƙasa take ci. Yaya ya ci gaba da yin yadda ya ga babanmu yana yi, sai dai maimakon jaki tifa yake sawa ta kwaso masa. Jujin ne ya canza ba a lura ba. Shekara da shekaru ana juyewa, abin da zai ruɓe ya ruɓe, leda ta zauna. Ruwa ya daina shiga ƙasa sosai, saiwa ta rasa hanya, ciyawar wuta-wuta ta cika wurin. Har wata akuyarsa ta rame ta daina cin abinci, da aka yanka ta mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinta.

"Takin zamani ya fi ƙarfina," in ji Yaya. "Na bola kuma ka ga abin da ya yi mini. Dillali ya zo nan har ya gaji da zuwa. Masu yanka fuloti sun iso ƙauyen da ke gabanmu, suna son gonar. Zan ƙara noma ta damina ɗaya saboda kai. Idan rumbun nan ya sake zama haka, ka zo mu sa hannu a sayar."

Ban yi masa musu ba. Shi yake shan rana a cikinta, shi ne mai 'ya'ya da yawa, ni kuwa sai dai in kwance buhu in ci. Na ce, "Allah ya zaɓa mana mafi alheri, Yaya." Amma raina bai so ba. Na san mutanen da suka sayar da nasu, yau suna gadi a ƙofar gidajen da aka gina a kan gonakinsu. Ni kuma a lissafina, ranar da bayana ya ƙi ɗaukar tuƙi, can zan koma.

A lokacin ban daɗe da shiga makarantar yaƙi da jahilci ba. Ina da karatun allo tun ina yaro, boko ne ban samu ba, sai da furfura ta fara leƙowa na ga ya kamata. Muna taruwa bayan la'asar a wani ajin firamare a Tarauni, mu zauna a bencin yara gwiwoyinmu suna dukan tebur. Wata rana malamarmu ta zo da wata babbar takarda mai gida-gida kala-kala ta manna a allo. Ta ce ƙasashen duniya ne suka taru suka amince da wasu muradu: a kawar da yunwa, kowa ya sami ruwa mai tsabta da ilimi da lafiya, a daina lalata ƙasa. Ta ce sunan abin ci gaba mai ɗorewa.

Wani dattijo mai gadi da yake zama kusa da ni ya ɗaga hannu. "Malama, su ƙasashen duniyar nan sun san hanyar Daurawa kuwa? Don kwatar layinmu tana can tana jiransu."

Aji ya fashe da dariya. Ita ma ta dara, ta ce, "Ba su sani ba, Baba. Kai da ka sani ai da kai ake." Sannan ta ce ma'anar abin a taƙaice ita ce mutum ya ci amfanin abin da ke hannunsa yau, ta yadda 'ya'yansa ma za su tarar da shi da amfani. Ta sa muka kwafi jimlar. Na kwafa a hankali kamar yadda nake yin komai, amma hankalina yana gona.

Gidan da muke haya na wata Hajiya ne, tsohuwa, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana sayar da waina da safe a soro, da itace take suya, tana kuma kiwon awaki a wani kango da ke bayan ɗakuna. Mu masu haya ɗakunanmu sun zagaye tsakar gida ɗaya. Kowace safiya mata sukan share ƙofofinsu, kowacce ta tara 'yar shararta a gefe, can da hantsi a haɗa a wani tsohon daro a kai bola. Na shekara da shekaru ina tsallake wannan sharar in fita aiki. Sai bayan maganar Yaya na fara kallonta. Ga tokar murhun Hajiya, ga kashin awaki, ga ɓawon albasa da na rake, ga guntun tuwon da ya kwana. Ainihin abin da babanmu yake ɗora wa jaki ke nan. Bambancin kawai ledar fiya-wata da ta biskit da ake haɗawa a ciki.

Na gaya wa maiɗakina abin da nake tunani. Ta dube ni ta ce, "Yanzu duk mazan Gyadi-Gyadi kai ne za ka shiga harkar tsintsiya?"

Na ce, "Ba shara zan yi ba, tsinta zan yi."

"Ai ta fi muni," ta ce. Amma ita ce ta nemo mini tsofaffin buhuna.

Da na nemi izinin Hajiya, ba ta ja magana ba. Tana juya waina ta ce in kwashe kashin awakin da tokar duka, na ma rage mata aiki, in tara a lungun kango, amma ranar da ta ji wari ko ta ga ƙuda ya yi yawa, ranar za a kwashe. Da ita kaɗai na yi magana. A ganina shara abar zubarwa ce, ba wanda zai damu da wanda ya ɗauka.

Sai ya zama kullum idan na dawo daga masallaci gari ya yi haske, mata sun share sun koma ɗaki, in bi tarin da ke ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. In tsugunna in tsince leda da murfin kwalba in zuba a wata babbar leda, sauran in kwashe a buhu in kai kango, sannan in wanke hannu in fita aiki.

A ɗakin da ke kallon namu akwai wani tela da matarsa, wadda ba ta daɗe da haihuwar fari ba. A kwanakin jaririn yana fama da zazzaɓi. Wata safiya ina tsugune a ƙofarsu na ga dunƙulen gashi a cikin sharar, irin wanda ake tajewa bayan an tsefe kitso, haɗe da zaren roba da ake ƙari da shi. Na san robar ba ta ruɓewa. Ledar da nake zuba tsintuwa tana can nesa, sai kawai na cusa shi a aljihu kafin in isa wurinta. Da na ɗago na ga labulen ɗakin ya motsa.

Ban kawo komai a raina ba. Amma daga ranar gidan ya canza. Matar tela ta daina amsa gaisuwar maiɗakina. Ta fara ƙona shararta a wani fasasshen kasko tun da sassafe, hayaƙin roba ya cika tsakar gida. Wata maƙwabciyar ta ƙwala wa 'yarta kira ta fito daga ɗakinmu, yarinyar tana tsakiyar cin abinci. Tarin da nake samu a ƙofofi ya ɓace. Maiɗakina ta ce, "Akwai maganar da ake yi a gidan nan. Da na fito sai a yi shiru."

Wata Juma'a da safe ina goge mashin a ƙofar gida, tela ya fito ya tsaya a kaina. Mutum ne mai fara'a, shi yake ɗinka wa yarana kayan salla, amma ranar ko murmushi babu.

"Malam, don girman Allah, me muka yi maka?"

"Ni? Me ya faru?"

"Me kake yi da sharar ƙofata?"

"Taki nake tarawa. Gonarmu ce a ƙauye ta..."

"Taki!" ya ce. "Da gashin matata ake takin? A garinku a aljihu ake zuba taki?"

Sai a lokacin na gane. A garinmu ma idan aka ga mutum yana ɗibar ƙasar sawun wani ko gashinsa, an san abin da ake zargi, sammu ne. Da sanin haka na girma, amma tunanin gona ya rufe mini ido. Ga yaro ba lafiya, ga ƙaton namiji tsugune a ƙofar mace da sassafe yana cusa gashinta a aljihu. Ko ni ne, abin da zan zata ke nan.

Na ce, "Ka yi haƙuri, mu je gaban Hajiya. Abin da zan faɗa maka gara kowa ya ji."

Hajiya tana kan suya, ba ta tashi ba. Mata suka fito suka tsaya a bakin soro. Na faɗi komai, tun daga rumbu har akuyar da aka yanka. Na shiga kango na jawo buhu na zazzage a gabansu. Na ɗauko ledar tsintuwa da ban kai bola ba tukuna, gashin yana nan a ciki tare da murafen kwalba. Hajiya ta kwashe waina, ta zuba wani ƙullun, sannan ta yi magana.

"Ɗan nan, da gaskiyarka, amma ba ka da wayo. Ke kuma," ta juya ga matar tela, "da gaskiyarki, amma ki kai yaron nan asibiti yau, ki daina shaƙa masa hayaƙin roba."

Sai ta ba mu labarin da ban taɓa ji daga ɓangaren mutanen birni ba. Ta ce lokacin da aka kawo ta gidan nan tana amarya, kowane gida yana da manominsa. Da rani ya zo da jakuna da mangala, ya yi sallama daga waje, ya kwashe jujin gida. Da kaka ya dawo da karan girki da harawar awaki, wani lokaci har da ƙwaryar wake.

"Namu wani dogo ne mai gurgun jaki," ta ce. "Har ya mutu bai san inda ƙofar ɗakina take kallo ba. Mu muke kai wa juji da hannunmu, shi daga juji yake ɗauka. Wa ya taɓa ganin an bi mace har ƙofa ana tsince mata shara? Daga yau wadda ta ga dama ta cire ledarta ta kai kango da kanta. Wadda ba ta ga dama ba, bola tana nan inda take. Kai kuma da kaka ina jiran harawata."

A cikin matan akwai Maman 'yan biyu, malamar firamare ce 'yar Filato, ɗakinta yana kusa da rijiya. Ta ce, "Malam, ni dai in gashi kake so ka zo ka kwashe nawa duka, ko Allah zai sa wani mai tsawo ya fito."

Aka yi dariya, har tela. Ya miƙo mini hannu yana sosa ƙeya. Matarsa ta juya ta koma ɗaki. Ta kai yaron asibiti a ranar, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi magani ya warke. Gaisuwa ta dawo tsakaninta da maiɗakina, amma shararta ba ta zo kango ba, ni kuma ban tambaya ba.

Maman 'yan biyu ce ta gyara mini aikin. Ranar da ta fara kai nata ɓawon dankalin, ta tarar da ni ina jera buhuna. Ta ce, "Wannan ai tari ka yi, ba taki ba. A haka sai dai ka kai wa yayanka busasshiyar shara." Ta ce a garinsu iyayenta rami suke haƙawa, a zuba ɗanye a zuba busasshe, a bi da kashin dabbobi da toka, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa, lokaci-lokaci a juya. Na nemi izinin Hajiya na haƙa ramin a lungun kango. Mata suka riƙa juye ruwan wankin shinkafa a ciki maimakon kwata. Wata rana na cusa hannu a tsakiyar ramin na ji ɗumi kamar an kunna wuta a ƙasa, na tsorata na kira ta. Ta ce, "Ƙyale shi, dahuwa yake yi." Hajiya takan zo ta tsaya tana buɗe hanci, tana neman warin da za ta kore ni da shi. Ba ta samu ba.

Da abin ya kankama, na fara biyawa ta kasuwar Tarauni da yamma. Masu kayan gwari suna murna in kwashe musu ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji. Abokan sana'ata suka sa mini suna direban bola. Idan na tsaya a layi sai wani ya ce, "A ba shi hanya, fasinjojinsa ba sa jira, ruɓewa suke yi." Ina wanke mashin kullum da sabulu, amma duk da haka wata mata ta shiga a Hotoro, ta ɗan shinshina ta ce, "Mai adaidaita, akuya ka sauke?" Na ce, "Kusan haka ne, Hajiya." Ba ta sauka ba, sai dai ta ja mayafi ta rufe hanci har muka isa.

Da bazara ta kama, takin ya zama baƙi mai laushi. Na fara kai shi ƙauye ranar Lahadi da yake aiki ba ya yawa, in bi titin Zariya da buhuna a kujerar fasinja. Ranar farko Yaya ya kwance bakin buhu ya zazzage a ƙasa, ya tsugunna yana tonawa da yatsu. Can ya ɗago wata 'yar ledar alewa ya nuna mini.

"Na san ba za ka zo ba tsaraba ba, ɗan birni."

Amma ya damƙi takin ya shinshina, ya daɗe bai sake shi ba. Sannan ya dubi buhunan ya dubi gonar ya ce, "Wannan ko kusurwa ɗaya ba zai rufe ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk abin da gidan haya ɗaya zai tara a rani bai kai komai ba a gaban gona. Sai ya ce ba za mu watsa shi ba kamar yadda aka saba, tafin hannu zai riƙa zubawa a kowane ramin shuka. Ya kuma zaɓi gefen yamma, inda leda ta fi yawa, inda bara ko irin da aka shuka bai dawo ba. Na ce me zai hana mu sa a inda ƙasar take da sauran ƙarfi.

"Idan na sa shi a wuri mai kyau, ba zan san aikin wa na gani ba," ya ce. "Idan ya yi a nan, na yarda."

Muka yi Lahadi da yawa muna jan manjagara a gefen yamma, muna tsince leda. Wata ta fito, wata ta tsinke rabinta ya zauna a ƙasa. Ba mu iya raba gonar da ita ba, mun dai rage.

Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗan yi kwanaki, sai ya ɗauke. Sama ta yi fari fat. A birni duk inda danja ta tsayar da ni sai in leƙa gabas ko zan ga hadari. Da na je ƙauye na tarar da dawa ta naɗe ganye a yawancin gonar. Ta gefen yamma ba ta fi sauran tsawo sosai ba, wuta-wuta ma ba ta bar ta ba, amma ganyenta a buɗe yake, kore shar. Yaya ya tona gindin wata da yatsa ya nuna mini. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tana riƙe laima." A bakin gonar na ga sawun tayar mota. Ya ce dillali ne ya kawo wani alhaji ya zagaya.

"Me ka ce masa, Yaya?"

"Abin da na ce maka. Sai kaka."

Allah ya sa ruwan ya dawo. Da aka yi girbi na je, tun kafin a ce in leƙa rumbu na leƙa. Ya ɗan wuce rabi, bai cika ba. Ban san ko wannan ɗan ƙarin zai ishe shi ba. Sai ya sa muka cika mashin da harawa da kara har rufi, ya ɗora ɗan buhun wake a kan ƙafata, ya ce in kai wa masu shara.

Hajiya ta kwance damin harawar ta juya shi ta ce, "Mai gurgun jaki ya fi yayanka cika dami." Amma tana faɗa tana dariya, ta kuma aika masa da waina cikin kwano. Maiɗakina ta bi ɗaki-ɗaki da ƙwaryar wake. Da ta kai ɗakin tela, matar ta ce, "Ai babu sharata a ciki." Maiɗakina ta ce mata, "Wannan na maƙwabtaka ne." Ta karɓa. Bayan 'yan kwanaki maiɗakina ta gan ta da daro ta nufi kango, sai da ta leƙa waje ta tabbatar mashin ɗina ba ya nan.

Maganar sayarwa tana nan ba a kashe ta ba. Na kasa tambayar Yaya, shi kuma bai aiko ba. Haka na yi ta tuƙi da abin a raina har wata Lahadi na ce gara in ji ko mene ne. A gida aka ce mini yana gona. Na tarar da babur ɗin dillali a jingine a bakin hanya, shi kuma yana tsaye da babbar riga, yana ta magana da hannu. Yaya yana cikin wani rami da ya kai masa gwiwa, yana fitar da ƙasa. A kan iyakar gonar akwai wasu ramukan a jere.

"Ga ƙaninka nan ya zo, sai ku gama magana," in ji dillalin. "Malam, ka gaya masa gaskiya. Birni zai zo ya same shi a nan, ko yana so ko ba ya so."

"Idan ya zo ya same ni ina aiki," Yaya ya ce, bai ko ɗago ba. "Na gaya maka ba ta sayarwa ba ce. Ka gaishe da alhajin."

Dillalin ya ce zai dawo baɗi, ya hau babur ya tafi. Yaya ya fito daga ramin ya karkaɗe ƙafa, ya zauna a kan tarin ƙasar yana haki.

"Gefen yamma kaɗai ya ba ni abin da ya fi na tsakiya," ya ce. "Idan aka bi ta kaɗan-kaɗan za ta tashi. Amma gidan haya ɗaya ba zai ishe mu ba. Ka nemi wani gidan, ka kuma yi sallama daga waje." Ashe labarin ya iso shi, maiɗakina ce ta gaya wa tasa.

Na tambaye shi ramukan na mene ne. Ya ce na mangwaro ne. Yana so su sha taki tun yanzu, da ruwan farko ya sauka a dasa. Ya ce in duba wurin masu sayar da dashe a bakin titi in zaɓo masa mai aure, wanda aka haɗa da reshen iri mai kyau, kada in yarda a ba ni wanda ganyensa ya yi rawaya.

Na ce, "Yaya, mangwaro ai yana ɗaukar shekaru kafin ya yi 'ya'ya."

"Na sani," ya ce. Ya miƙo mini shebur. "Shiga na gaba, bayana ya riƙe."

Na naɗe wando na shiga ramin.